Auta Ya Zo da Mura

Ranar Talata da la'asar Auta ya iso gida, bayan shekara biyar ba a gan shi ba. Yaya tana tsakar gida tana shanya zanin gadon Baba ta ji bugun ƙofa. Ta saki zanin cikin bokiti, ta tafi da jiƙaƙƙen hannu ta buɗe.

Su biyu iyayensu suka haifa, shekara tara tsakaninsu. Shi ya fara ce mata Yaya tun yana koyon magana, sunan ya bi ta, har mahaifinsu haka yake kiranta. Shi kuwa Auta kowa ke ce masa, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. A wata ƙasa mai nisa yake aiki, a tashar jiragen ruwa, yana tuƙa injin ɗaga kaya. Matsalar takardu ce ta hana shi zuwa duk shekarun nan. Ita malamar firamare ce, kuma tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ta riƙe Baba.

"Kin tsufa," ya ce yana dariya.

"Kai ma ba a bar ka a baya ba. Kawo jakar."

Da ta miƙa hannu ta karɓa, yatsunta suka taɓa nasa. Zafi rau. Sai a lokacin ta dube shi da kyau. Idonsa ya yi ja, hancinsa ya saɓule don yawan gogewa, muryarsa a dushe.

"Tun yaushe?"

"Sanyin jirgi ne kawai. Ina Baba?"

Ya taka zai wuce, ta sha gabansa. Ba ta yi niyya ba, jikinta ne ya yi da kansa.

"Yana barci. Tsaya nan tukuna."

Baba kafinta ne, shekara arba'in da 'yan kai yana shaƙar ƙurar katako, ita ce ta cinye masa huhu. Yanzu da robar iska a hanci yake wuni, injin iskar yana ƙugi a gefen gado. Daga gado zuwa kujera tafiya ce da sai ya huta a tsakani. Bara wani tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya da 'yar mura, ya zauna rabin sa'a, suka sha hira. Bayan kwana uku Baba yana asibiti. Kwana goma sha tara Yaya ta yi a kan kujerar roba a bakin gadonsa, tana kallon ƙirjinsa yana hawa da sauka kamar wanda aka ɗora wa buhu. Ba ta manta ko ɗaya daga kwanakin nan ba.

Nan a tsaye ta kira likitar da ke duba shi, ta buɗe muryar wayar don Auta ya ji da kunnensa.

Likita ta tambayi zafin jiki, ciwon gaɓoɓi, tari. Sannan ta ce, "Wannan mura mai zazzaɓi ce, ita ake fama da ita yanzu. Da lafiyayyen mutum ne a ɗakin, da na ce ya bari zazzaɓin ya sauka, ya yi wuni da kwana bai dawo ba, ba tare da shan magani ba. Amma huhun Baba ba zai ɗauka ba. A ba shi kwana bakwai. Bayan nan ma ya sa takunkumi."

"Likita, hutun nawa duka kwana goma sha biyu ne," Auta ya ce.

"Na ji. Ka yi haƙuri."

Yaya ta ɗan matsa gefe, ta rage murya. "Baba fa? Akwai lokaci?"

Likita ta ce, "Makonni, a ganina. Wataƙila wata biyu. Wannan ba a hannuna yake ba."

A ƙarshen tsakar gidan akwai ɗakin aikin Baba, mai ƙofa ɗaya da ƙaramar taga. Shekara uku ba a yi aiki a ciki ba, amma zarto da guduma suna rataye inda ya bar su. Yaya ta share, ta ture teburin aiki jikin bango, ta shimfiɗa katifa. Ta ware masa kofi da faranti da cokali. Taku ashirin ne daga nan zuwa ɗakin Baba.

Tana ba Baba shayi da yamma, tari ya taso daga can. Tsohon ya dakata da kofin a baki.

"Wa ke kwaikwayona?"

"Auta ne, Baba. Ya iso kana barci."

Ya ajiye kofin, ya fara laluben gefen gado zai tashi. Ta riƙe kafaɗarsa ta gaya masa komai. Ya saurara yana haki, don maganarsa yanzu kalma biyar ce ko shida sai ya tsaya ya ja iska.

"Yaro ya yi shekara biyar... bai samo tsaraba ba... sai majina."

Ya yi dariya har ta koma tari. Da tarin ya lafa sai ya ce, "Kwana nawa?"

"Bakwai."

Ya juya fuska wajen taga.

Kwana biyu Auta bai iya ɗaga kai ba. Yaya ta ɗauki hutu a makaranta. Takan kai masa romo da ruwan zafi, ta ajiye a kan benci a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta ja da baya. Daga nan ta wanke hannu har gwiwa, ta sake riga, sannan ta shiga wajen Baba. Sau biyar, sau shida a wuni. Fatar hannunta ta fara tsagewa don sabulu.

Ranar Alhamis ya samu ya fito. Yaya ta turo gadon Baba kusa da taga, ta rufe gilashin, ta sa masa waya a kunne. Auta ya tsaya a tsakar gida da tasa wayar, lulluɓe da bargo. Yanar ido ta rufe wa Baba gani tun bara, ba ya ganin komai daga nesa sai inuwa.

"Wancan mutum ne... ko turken shanya?"

"Ni ne, Baba."

"Muryar ba taka ba ce."

"Murar ce ta ara."

"To ta dawo da ita." Ya huta. "Ka ci abinci?"

"Na ci. Yaya tana ajiye min a ƙofa kamar kyanwa."

"Haka take. Ni ma... fursunanta ne."

Suka yi dariya su biyun. Yaya ta yi murmushi, amma maganar ta zauna mata. Baba ya ɗora tafin hannu a gilashin, Auta ya matso zai ɗora nasa, tari ya turnuƙe shi, ya juya baya ya duƙa. Kafin ya miƙe Baba ya gaji, wayar ta zame kan matashi.

Da safiyar Juma'a Auta ya fito fes, ya yi wanka, ya sa farar riga.

"Zazzaɓi ya tafi. Auna ki gani."

Ta miƙa masa ma'aunin zafi daga nesa. Gaskiya ne, jikin ya sauka. Zuciyarta ta yi sanyi, har ta fara lissafin ko za ta roƙi likita ta rage kwanakin. Da rana, yana banɗaki, ta shiga kwashe kwanuka. A ƙarƙashin matashi ta ga takardar maganin zazzaɓi, an ɓare ƙwaya shida. Ba ita ta ba shi ba.

Ta jira shi a tsakar gida da takardar a hannu.

"Wannan fa?"

Ya kalli takardar, ya kalli ƙasa. "Kaina ke ciwo."

"Ka sha don ma'auni ya yi maka ƙarya."

"Yaya, saura kwana takwas in tafi. Kin san abin da na sha kafin a ba ni hutun nan?"

"Ka san abin da zai sha in ka shafa masa?"

"Minti biyar kawai. In riƙe hannunsa in fito."

"Wancan abokin nasa ma rabin sa'a ya yi."

"Ni ba wancan ba ne, ni ɗansa ne." Ya nuna ɗakin Baba. "Ke kin same shi shekara biyar. Kullum kina ganinsa. Ni kwana goma sha biyu aka ba ni, kin ɗauke bakwai."

Ta yi magana a hankali don kada Baba ya ji.

"Na same shi, gaskiya ne. Na same shi yana aman jini a kwano. Na same shi ya faɗi a banɗaki, ni kaɗai, ba mai kama min ƙafa. Kana bugo waya ranar Lahadi yana ce maka lafiya lau, yana ajiyewa in sa masa iska. Ba ka ga wannan ba. Ni ba zan sake kai shi asibitin nan ba saboda kai kana sauri."

Auta ya tsaya kamar wanda aka mara. Ya shiga ɗakin aikin ya ja ƙofa. Da yamma zazzaɓin ya dawo. Ta ji shi yana rawar sanyi ta bayan ƙofa, ta ajiye masa bargo na biyu a kan benci.

Ranar Asabar jikin ya sauka da gaske. Shi da kansa ya miƙo mata sauran ƙwayoyin ta taga, ya ce ta riƙe. Tari ne kawai ya rage, da majina.

Lahadi kuwa Baba ya tashi da wani ƙarfi da ta daɗe ba ta gani ba. Ya cinye burodi da ƙwai, ya nemi ƙari. Ya ce a zaunar da shi a kujera. Goggo, ƙanwarsa, ta zo da hantsi kamar yadda ta saba duk mako, ta same shi yana ba da labarin wani attajiri da ya sa shi ya yi masa gado, aka gama aka ga ba ya shiga ƙofar ɗaki. Ya kai ƙarshen labarin bai tsaya haki ba sai sau uku.

Ya shafa haɓarsa. "Gemun nan ya ishe ni. Kira Auta... ya yi min aski. Hannunsa ya fi naki."

"Jibi, Baba. Talata."

"Yau nake so."

"Yana tari har yanzu."

Goggo ta ajiye kofinta. "Ke 'yar nan, yaron ya warke. Na gan shi yana share tsakar gida. Uba da ɗa a gida ɗaya kwana shida, sai ka ce masu gaba? Ki sa masa ƙyallen nan a baki ya shigo."

"Goggo, likita ta ce bakwai."

"Likita ba ubanta ba ne."

Baba ya ɗaga hannu, Goggo ta yi shiru. Ya kira Yaya da yatsa, ta durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kallon inda fuskarta take.

"Yaya. Ajiye ni kike yi... don wace rana?"

Ta leƙa ta taga. Auta yana zaune a kan benci, hannu biyu a tsakanin gwiwa, yana kallon ɗakin. Ta san ya ji an ambaci sunansa. Kalma ɗaya za ta faɗa. Ta ji kalmar a bakinta. Sai ya juya ya yi tari, mai zurfi, ya tofar a cikin takarda. Ta tuna kujerar roba, da ƙarar injinan asibiti, da yadda Baba ya riƙa fizge robar yana roƙonta da ido. Ta dubi tsohon da ke gabanta, ga shi zaune, ya ci ya ƙoshi, yana ba da labari. Ta ce a ranta, mutumin da ya yi wannan ƙarfin yau zai kai jibi, zai kai wani watan ma.

"Kwana biyu ne kawai, Baba. Ka yi min haƙuri."

Ya saki hannunta, ba da fushi ba. "To. Ke ce mai gida."

Ita ta yi masa askin. Ta yanke shi kaɗan a ƙasan kunne, bai ko motsa ba.

Da safiyar Litinin ta shiga da ruwan wanke fuska, ta same shi yana tattara zanin gado da yatsu.

"Ina motar?" ya ce. "An ce za a kawo katako."

"Baba, ni ce."

"Na sani. Gaya wa mahaifiyarki... ta buɗe ƙofa."

Shekara goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyarsu. Yaya ta ajiye kwanon a hankali ta kira likita. Kafin azahar likitar ta iso, ta auna, ta saurari ƙirji, ta ɗaga fatar ido. Ba zazzaɓi, ba mura. Zuciyar ce ta gaji, iskar da ke isa kai ta ragu. Ta ƙara wa injin ƙarfi, ta sauya magani ɗaya. A bakin ƙofa ta ce, "Zai iya dawowa hayyacinsa, zai iya ƙin dawowa. Ki bar ɗan'uwanki ya shiga yanzu. Kada ki jira gobe."

Yaya ta taka taku ashirin ɗin nan ta tsaya a ƙofar ɗakin aiki.

"Wanke hannunka. Ga takunkumi."

Ya dubi fuskarta, ya miƙa hannu ya karɓa.

Ya shiga da sallama, ya durƙusa a gefen gado, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Tsohon ya juyo, ya ƙura wa farar rigar ido, da shuɗin takunkumin.

"Likita, sannu da zuwa."

"Baba, ni ne. Auta."

"Yauwa, Auta. Shi nake so... in gaya maka. Yana can ɗakin aikina. Mura ta kama shi. Ka fara duba shi... ni nawa ya daɗe."

Auta ya waigo ya kalli yayarsa. Tana tsaye jikin bango, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Cire," ta ce.

Ya cire takunkumin. Ya kai fuskarsa dab da ta mahaifinsa, ya ɗauki tafin tsohon ya ɗora a kumatunsa. Yatsun suka bi gemun, suka taɓa hanci, suka sauka.

"Yaro ne kai ashe," Baba ya ce. "Allah ya yi albarka. Ka ga ɗan nawa?"

Auta ya gyara masa bargo.

"Na gan shi, Baba. Ya samu sauƙi."

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Madalla. Ka ce kada ya shigo... sai ya warke. Yayarsa ta hana. Tana da gaskiya." Ya ja iska. "Ka ce ina nan. Ba inda za ni."

Yaya ta fita. Ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta tsaya a gabansa, ruwa yana zuba ba ta wanke komai ba.

Kwana biyar da suka rage Auta bai bar ɗakin ba. Shi ke juya shi, shi ke ba shi ruwa da cokali, shi ke sauya zani. Ya koyi injin iska, ya koyi jeren magunguna. Baba yakan ce wa Goggo bai taɓa ganin likita mai kirki irin wannan ba, ko gida ba ya zuwa. Kullum sai ya tambaye shi jikin Auta, kullum sai Auta ya ce masa da sauƙi. Sau ɗaya, ranar Alhamis, yana goge masa baki, tsohon ya riƙe wuyan hannunsa ya ce, "Kai..." Su duka biyu suka tsaya cak, Yaya a bakin ƙofa, Auta a sunkuye. Sai ganewar ta gushe daga idon tsohon, ya ce a rufe taga.

Auta ya buga waya wajen aikinsa har sau uku yana neman ƙarin mako. Aka ce in bai koma ranar da aka sa ba, takardar zamansa za ta mutu tare da aikin, ga mata da 'ya'ya biyu a can. Ranar Asabar da safe ya shiga ya yi sallama. Baba ya ce, "Sai gobe, likita."

Yaya ta raka Auta bakin titi inda motar haya ke jira. Direba ya sa jaka a baya. Auta ya tsaya riƙe da murfin mota.

"Maganar da na gaya miki ranar Juma'a, ki yafe min. Ban san abin da kike ɗauke da shi ba sai da na ɗauka kwana biyar."

"Ranar Lahadi ya ce in kira ka."

"Na ji. Tagar a buɗe take ta sama."

"Me ya sa ba ka shigo ba? Da ka ture ni ka shiga."

"Na tashi sau biyu," ya ce. "Na ji tsoro. In wani abu ya same shi, ni ne."

Ta gyaɗa kai. Direba ya danna ham, Auta ya shiga.

Baba ya ƙara kwana ashirin da uku. Murar ba ta taɓa shi ba, ko atishawa bai yi ba. Ya rasu wata Litinin da hantsi, Goggo tana gefensa, Yaya tana riƙe da kansa. Hankalinsa bai dawo ba, sai dai ya daina tambayar kowa a makon ƙarshe.

Da likita ta zo gaisuwa, ta ja Yaya gefe ta ce, "Kin yi daidai. Da ya kamu, da kwanakinsa na ƙarshe a asibiti zai yi su, cikin wahala. Ko yau aka tambaye ni, abin da zan faɗa ke nan." Yaya ta yi godiya. Ta san gaskiya ne. Ta kuma san da ta ce "shigo" ranar Lahadin nan, wataƙila ba abin da zai faru sai aski. Ba wanda zai iya gaya mata wanne ne, kuma ta daina tambaya.

Bayan sati biyu ta koma makaranta. Tana cikin gyara littattafan yara a ofishin malamai Auta ya kira, lokacin hutun rabin rana a wajensu. Tana jin ƙarar ƙarafa da injina a bayansa. Suka gaisa, ya tambayi Goggo, ta tambayi yara.

"Gidan ya yi miki girma ko?" ya ce.

"Ya yi."

"Na sa suna a hutun baɗi. Wata guda na nema, zan zo da yaran. Ba su san ki ba sai a waya."

"Allah ya kai mu."

Aka kira shi daga nesa, ya ce zai sake bugowa. Ta ajiye wayar. Aka kaɗa ƙararrawa, ta tattara littattafan, ta share ido da bakin mayafi, ta nufi aji.